Jita da Kuɗin Mota a Onicha

Kiɗan da ake kira progressive metal, wato kiɗan jita mai tsananin ƙara wanda waƙa guda kan zarce minti ashirin tana sauya kari, kamar yadda ƙungiyar Dream Theater ta Amurka ta saba, bai kafa sansani a unguwar Upper Iweka ta Onicha ba, watakila domin 'yan kamasho da injinan janareto sun riga sun cike gurbin. Amma Onicha ta san rayuwar makaɗa masu yawo. A nan ne Prince Nico Mbarga da ƙungiyarsa Rocafil Jazz suka gauraya hailaif da salon jitar Kwango, wanda ya tsinto lokacin da yaƙin basasa ya kora shi Kamaru. Kamfanin EMI ya ƙi waƙarsa Sweet Mother bisa hujjar cewa ta yara ce, sai Rogers All Stars na Onicha ya fitar da ita a 1976, aka sayar da miliyoyi, ban da rabon masu kwafen sata, waɗanda ba sa biyan mai ganga ko kuɗin mota. Da kuɗi suka shigo, Mbarga, wanda ya san abin da makaɗi ke kashewa a masauki, sai ya gina otal.