Wasiƙa Zuwa Ga Sarkin Maginan Gidanmu

Rochester, Ingila

Taubashina Ɗanlami,

Labari ya iso mana cewa katangar da ka yi wa Kawu ta kwanta tun ruwan farko. Kwantar da hankalinka, na samo maka malama: 'yarka Hafsatu.

A ajinsu ana koya musu tarihin Wiliyam na Nomandi, wanda ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Malamarsu ba ta tsaya a kan allo ba. Cewa ta yi kowa ya gino irin gidan tsaron da mayaƙansa suka riƙa kafawa: tudu da hasumiya a kansa, fili a gindinsa kewaye da shinge, gwalalo kuma ya zagaye su. Tun ranar babu kwalin da ya tsira a gidan nan. Maman Hafsatu ta yi ta cigiyar kwanon tuwonta, ashe yana kife a ɗakin yarinya, ya sha koren fenti, ya zama tudu.

Sai aka koma darasin ƙawanya. Suka haɗa majaujawar yaƙi da tsinkayen askirim da cokali, irin wadda nauyi ke faɗawa ta gefe ɗaya, dutse ya tashi ta ɗayan. Kwana biyu ana ruwan busasshen wake a falo, har kyanwar maƙwabta ta yanke zumunci da mu.

Abin da ya fi kama ni shi ne ranar da aka kai su fadar dutsen garin nan, a bakin kogin Medway. A 1215 Sarki John ya yi wa manyan ƙasarsa da suka yi tawaye ƙawanya a cikinta. Jifa bai karya babbar hasumiyar ba, sai ya sa aka haƙa rami a ƙarƙashin kusurwa ɗaya, aka tokare shi da itatuwa. Ya aika a kawo masa aladu 40 masu ƙiba, aka cinna wa itatuwan wuta da kitsensu, kusurwar ta rufto. Duk da haka na ciki ba su sallama ba, suka koma bayan bangon da ya raba ginin biyu, har suka cinye dawakansu. Bayan kusan mako bakwai yunwa ta fito da su. Da aka tashi gyara, kusurwar nan zagayayyiya aka yi ta, sauran ukun suna nan masu kwana har yau. Hafsatu ta dawo gida ta yanke kusurwoyin kwalinta duka, ta ce ginin da ba shi da kwana ya fi wuyar kayarwa. Ka dai ji, Sarkin Magina.

Da na ga haka, sai na ba ta labarin ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, da gwalalonta da ƙofofinta. Ta ce ita za ta gina a aiki na gaba, kuma da laka, ba kwali ba. Raina yana sosuwa in na tuna yadda ake ɗibar ƙasar badala ana kafa shaguna, yaranmu kuma suna wucewa babu mai tsayar da su ya ce ga dalilin kaurinta. Don Allah ranar Juma'a ka kwashi su Abba ku je wajen Ƙofar Dukawuya, su auna faɗin gindin ganuwar da taku, ka turo mana hotuna. Ka kuma yi wa Hafsatu bayanin yadda ake kwaɓa tubali, ni zan tace abin da ya kamata ta ɗauka daga bakinka.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata kwanon da ta ba amaryarta yana nan lafiya, sai dai yanzu kore ne.

Naka,
Sadiƙu