Ranar da Mai Sauraro Ya Yi Kunnen Uwar Shegu

SQLAlchemy, wadda Michael Bayer ya fitar a 2006, ita ce ke shiga tsakanin Python da rumbun bayanai. A cikinta ana ɗaura wasu guntayen umarni, masu sauraro, su kasa kunne: da an shigar da sabon bayani, sai after_insert ya farka ya yi aikinsa. To, a ce matasa ne suka rubuta manhajar lissafin buhunan masarar da ake lodi daga Kusasu da kewayen Birnin Gwari. Ranar da mai sauraron nan ya ƙi motsi, halin kowa zai fito fili.

Na farko shi ne Mai Zargin Sabis. Tun da aka katse layukan waya a yankin a ƙarshen Satumban 2021, ya samu wanda zai ɗora wa laifi har abada. Rumbun bayanan yana cikin kwamfutar da ke kan cinyarsa, amma ga shi can kan tudu yana ɗaga waya sama.

Sai Malam Na-iso-nan. Makaminsa ɗaya ne, print. "Na iso nan." "Na iso nan kuma." "Wallahi na iso nan." Da ya kunna echo=True, da ya ga duk umarnin da ke tafiya rumbun, amma ya fi son jin muryar kansa. Bayan wata shida ma allon yana ta shelar isowarsa.

Akwai Gwanin Lissafi. Shi nasa mai sauraron ya wuce gona da iri, domin sau biyu aka ɗaura shi, buhu 40 ya koma 80. Maimakon ya nemo inda aka maimaita, sai ya raba jimla gida biyu ya tafi cin tuwo. Ranar da wani ya gyara ainihin matsalar, manomi zai tarar da buhu 20.

Mai Ganin Aljanu kuwa gyaran dubban layuka ya yi a bugu ɗaya, before_update bai ce uffan ba. Haka aka gina abin: gyaran sari ba ya bi ta kan wannan mai sauraro. Shi dai ya tofe kwamfutar da addu'a, ya ce hannun maƙiya ne.

Ɗan uwansa na ɓangaren Django, wata manhajar Python, ya kira save a cikin mai sauraron post_save, ajiya ta haifi ajiya, har Python ta gaji wajen hawa na 1000 ta zube. Ya kalli allo ya ce, "Jiya fa lafiya lau yake."

Mafi haɗari shi ne Mai Rufa-rufa. Ya lulluɓe komai da try da except, ya ce pass. Babu jan rubutu, babu ƙorafi, babu kuma lissafi. Shi ake fara yaba wa a wurin taro.

A can gefe akwai wata baiwar Allah da ba ta cika magana ba. Ta buɗe littafin bayanin manhajar, ta gwada event.contains, ta gano fayil ɗin da mai sauraron ke ciki ba a taɓa shigo da shi ba. Layi ɗaya ta ƙara. Kafin ta rufe kwamfuta, mutum shida sun rantse cewa abin da suke shirin faɗa ke nan.