Fumfuna a Ɗakin Haya da Abin da Take Yi wa Babbar Riga

Fumfuna halitta ce dangin naman kaza. Tana cin katako da takarda da tufa da fata, kuma ba ta rayuwa sai da danshi. Ƙwayoyinta na yawo cikin iska, ido ba ya ganinsu, in suka sauka a jiƙaƙƙen wuri kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe su kafuwa. A Kano kakarta watan Agusta ne, lokacin marka, sa'ad da shanya ke ƙin bushewa.

Takan shiga ɗakin haya ta rufin kwano mai yoyo, ko bututun ruwa da ke tsiyaya cikin bango, ko danshin da ke hawowa daga ƙasa in magini ya yi tsimin ledar da ake shimfiɗawa a kan harsashi. Gyaran duka aikin mai gida ne, shi ya sa mai gida yakan ce bango ne ke gumi, da rani zai daina. Dillali kuwa tun da ya karɓi la'adarsa wayarsa ta daina shiga. Abin da akan yi shi ne a shafa fenti kafin sabon ɗan haya ya tare, alhali fenti lulluɓe ta kawai yake yi.

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari, da ciwon hanci da maƙogwaro, da tashin asma. Yara da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki sun fi shan wahala. Ba ta yi magana a kan ɗaurin aure ba.

Misali a nan shi ne mai wannan bayani, wanda kabad ɗinsa ke manne da bangon banɗaki. Asabar ɗin da ta wuce ya zaro farar shaddarsa da asuba, babu wuta, ya zura ya tafi a matsayin wakilin ango. Warin da ya ji ya ɗora wa damina laifinsa. Aka zauna a masallaci, liman ya miƙa masa lasifika. Ya ce, "Ina nema wa ƙanena auren," sai atishawa ta ƙwace, ta fita ta lasifikar waje har bakin titi. Jama'a suka yi masa addu'a. Ya sake farawa, ya iso daidai wurin nan, ta sake ƙwacewa. A karo na gaba waliyyin amarya ya janye gwiwarsa, ya rufe kuɗin sadaki da tafin hannu. Hawaye na zuba, majina na zuba, wasu a baya suna cewa son ƙanensa ne ya sa shi kuka. Ya ɗaga hannun riga ya share fuska, wato ya tura hancinsa cikin tushen cutar. A nan ne wani dattijo a bayansa ya sunkuyo, ya shafa kore da baƙin da suka malale daga kafaɗa zuwa ƙugu, ya ce, "Malam, wannan aikin na wane tela ne?" Lasifika kuwa a buɗe take.

Maganin sananne ne. A toshe hanyar ruwa, a janye kabad daga bango, a buɗe taga, a goge da ruwan sabulu da takunkumi a hanci, a shanya kaya a rana. Mai amfani da ruwan kulorin kada ya haɗa shi da sinadarin wanke masai, don haɗin yana fitar da iska mai guba. A ɗauki hoton bangon kuma, saboda ranar da mai gida zai ce ɗan haya ne ya ɓata masa fenti.

Maƙwabta dai nasu daban. Ɗaya ya ce a rufe tagogi ruf kada danshi ya shigo. Wata ta aiko da turaren wuta, ɗakin ya koma warin fumfuna mai ƙamshi. Baba mai gadi ya fi kowa nazari. Ya tsaya gaban bangon, ya ƙwanƙwasa, ya sansana, ya lakato da yatsa ya duba a haske, sannan ya girgiza kai.

"Ɗana, wannan ɗakin gwauro ne. Ka yi aure."

"Baba, ai matata tana ciki."

"To, ka ƙara."