Ungulu Ta Yi Tsada

A Kujama, in ka rataya madubin hangen nesa ka nufi daji da asuba, ka ce tsuntsu za ka kalla, tambayar farko ita ce: "To malam, ina dankon?" In ka ce kallo kawai za ka yi ka dawo, sai a fara raɗe-raɗin ko awon fili aka turo ka.

Alhali sana'a ce babba. Turawa na biyan kuɗin jirgi har dazuzzukan Malesiya, su yini a tsaye sauro da matsattsaku na walima a ƙafarsu, don su hangi wani ɗan'uwan cilakowa na daƙiƙa biyar. Mu ma muna da namu: dajin Kagoro da Nindam, kusa da Kafanchan, yana cikin muhimman wuraren tsuntsaye da masana suka lissafa a Najeriya, masu gatari da masu gawayi na ta rage masa faɗi.

Amma abin da ya fi ɗaure kai ungulu ce. Wadda a da ke cika mahauta, yara na jifa, tun 2015 tana jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba ta ci wasu, masu sayen kanta don haɗa asiri sun ci saura. Yanzu mai digiri ke ɗaukar kyamara ya bi mahauta yana tambaya cikin ladabi: "Sarkin Fawa, ranka ya daɗe, ko an ga Hajiya ta sauka yau?"