Kitse Zai Kashe Ƙari? Alhaji, Dakata Tukuna

To, 'yan unguwar Hindawiyya ta Jidda, na ga har kun fara taɓe baki. Daga jin an ce cin kitse da mai, a bar shinkafa da sukari, yana iya rage wa ƙarin ƙwaƙwalwa saurin girma, sai Alhaji ya gyara zama ya ce, "Tatsuniyar Nasara ce, ba jiya suka ce kitse ke toshe jijiya ba?" Na gefensa kuwa har ya aiki yaro wurin mai tsire, wai magani zai sayo.

Alhaji, maganar tana da tushe. Tun shekarun 1920 wani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura ƙwayoyin ciwon daji suna zuƙar sukari fiye da kima. A 1921 kuma likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara wannan cima, wadda ake ce wa kito, don masu farfaɗiya, kuma har yau ana ba yaran da magani ya ƙi yi musu aiki. Idan jiki ya rasa sukari, hanta kan narka kitse ta fitar da wani makamashi da ƙwaƙwalwa ke iya amfani da shi. Sai masana suka ce, to, mu ciyar da ƙwaƙwalwa mu bar ƙarin da yunwa. A jikin ɓeraye an ga alamar nasara.

Kai kuma mai murna, ka san abin da za ka bari? Babu kabsa, babu tamis da safe, babu masub, babu tuwo, dabino ma sai kallo. A Jidda! Kaso huɗu mai ne, kaso ɗaya kacal nama da sauran abinci, ana aunawa a sikeli, don haka tsiren ma ba a ƙoshi da shi. Kai da ba ka shan shayi sai cokali ya tsaya a kofi, kwana nawa za ka yi?

Sannan mutum ba ɓera ba ne. A Farankifot ta Jamus an gwada wa mutum 20 masu mugun ƙarin nan, giliyobilastoma, aka bayyana sakamako a 2014: cimar ba ta cutar da su sosai ba, amma ita kaɗai ba ta tsayar da ƙarin ba. Gwaji na biyu, na mutum 50, da ya fito a 2020, shi ma bai nuna ta jinkirta ciwon ba. Wasu masu bincike ma sun gano ƙarin ba wawa ba ne, in an hana shi sukari yana iya komawa kan kitsen.

Hajiya, in akwai mara lafiya a gida, tiyata da gashi da maganin asibiti su ne aka tabbatar suna ƙara kwana. Mai wannan ciwo yana iya ramewa, kada a ƙwace masa kwanon shinkafa saboda saƙon WhatsApp ɗin ƙawarki. A je asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz a tambayi likita, ba nisa, kuma ƙawar taki ko ɓera ba ta taɓa aunawa ba.