Rukunan Masu Gina Hamada a Kan Teburi

Wasan yaƙi na kan teburi, wanda ake jera ƙananan sojojin roba ko na dalma ana motsa su da tef ɗin awo da 'ya'yan lido, ya samo asali daga Jamus, inda a shekarar 1812 wani mai suna Reisswitz ya miƙa wa sarkin Furusiya teburi mai ɗauke da falankai da ake sauya musu wuri don a fitar da sabon fagen daga. Har yau magadansa a Ingila da Amurka suna harhaɗa irin waɗannan falankai, sai dai waɗanda suka zaɓi hamada sun ɗauko wa kansu Dala ba gammo, domin wasan yana buƙatar maɓoya, hamada kuwa fili ce fetal.

Rukuni na farko shi ne malamin tarihi, wanda ba ya yarda a jefa ɗan lido sai an tabbatar cewa launin ƙasar ya dace da na fagen yaƙin El Alamein na 1942, kuma yakan shafe rabin dare yana bayyana cewa kwamandojin ɓangarorin biyu, Montgomery da Rommel, sun gwabza ne galibi a kan tsakuwa da fako. Abin haushin shi ne yana da gaskiya, kamar yadda duk wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Arlit zai shaida cewa ba ko'ina ne tudun rairayi ba.

Kishiyarsa shi ne mai dabino, wanda a teburi mai ƙafa shida da ƙafa huɗu yakan dasa dausayi uku, da dalar Fir'auna, da raƙumi kwance, har tankar yaƙi ta rasa inda za ta juya.

Wanda ya fi cancantar nazari shi ne mai yashin gaske. Wannan bawan Allah yakan ɗebo yashi daga bakin teku, ya wanke, ya gasa shi a tandar gida don kashe ƙwari, ya tankaɗe da rariyar uwargida, sannan ya barbaɗa shi a kan soso mai tauri da ya shafe da farin gam. Bayan haka yakan rufe yashin gaba ɗaya da fenti mai launin yashi, ya bi shi da busasshen buroshi, wato wanda aka goge fentinsa har ya kusa ƙarewa, bisa hujjar cewa yashin gaske ba ya kama da yashi idan aka ajiye shi kusa da soja mai tsawon milimita 28. Iyalinsa sukan ci gaba da tauna tsakuwa a abinci har tsawon mako, kyanwar gidan kuma takan fahimci falankin da wata manufa dabam.

Akwai kuma mai injin da ke fitar da siffofi daga kwamfuta, wanda ya tara ƙauyuka na toka-toka cike da kwalaye bai taɓa fenta ko ɗaki ɗaya ba.

Shi kuwa lauyan wasa, ko soso bai taɓa yankawa ba; yakan iso da wuri ne kawai, ya ɗan tura tudun wani da gwiwar hannu har ya kare tankarsa daga idon abokin gaba, sannan ya rantse cewa haka ya tarar da shi.