Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Akwatin Awo na cikin kwamfuta

Ranka ya daɗe Malam Akwati,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ɗigoginka takwas suna lafiya. Mu ne masu zanen alluna da sitika na Fagge da Sabon Gari, waɗanda da mun taɓa zane a CorelDRAW ko Illustrator sai ka yi tsalle ka kewaye shi, ka ce ga tsawo ga faɗi. Kuka muka kawo.

Malam, wa ya gaya maka komai na duniya kusurwa huɗu ne? A ba ka tambarin makaranta mai siffar ƙwai, ko kan ɗan takara da hularsa a karkace, ko taswirar Jihar Kano da wutsiyarta da ta zarce kudu har Doguwa, duk amsarka ɗaya ce. Da'ira kashi 78 da ɗoriya cikin 100 take ci na filinka, mai kusurwa uku kuwa rabi kacal. Sauran iska ce, amma da ita kake haɗa lissafi. Abin da ya fi ɗaure kai, a ɗauki murabba'i a juya shi digiri 45, ba a ƙara masa ko tsinke ba, sai ka kumbura ka ninka girmanka biyu. Wace makaranta aka koya maka wannan?

Tun shekarun 1960 Pierre Bézier, injiniyan kamfanin Renault a Faransa, yake lanƙwasa layi da lissafi don zana jikin mota, kuma da layukansa muke aiki har yau. Ke nan kwamfuta ta san kowace kwana. Inkscape ma, da ake samu kyauta, yana da abin auna tsawon layi da girman fili. Kai ne dai ka tsaya a ƙofar gida ka ƙi leƙawa ciki.

Ga inda rigimar take. Alluna da sitika, da ƙafa ake sayar da su, tsawo sau faɗi. Mai adaidaita sahu ya zo a yanka masa jinjirin wata, a faɗa masa kuɗi, sai ya hau faɗa: “Oga, har da inda babu komai zan biya?” Mu kuwa mu juya masa fuskar kwamfuta, mu ce kai ka faɗa.

To, a nan ne za mu ɗan sassauta murya. Sitika a naɗe take zuwa, ba a jinjirin wata ba, kuma ko telolin Fagge ba sa mayar wa Kantin Kwari ƙyallen da almakashi ya zubar. Wani ne zai biya wannan asarar, kuma mun fi so kada ya zama mu. Don haka kada ka yi murabus tukuna. Roƙonmu dai ka riƙa nuna mana awon gaskiya da ƙananan lambobi, a gefen da kwastoma ba ya gani.

Naka a kullum,
Wani mai zane, Fagge